Mai Ciwon Hanta da Ya Gaji da Magani, Ga Kuma Azumi Ya Kama

    

Yau niyyarmu ita ce mu ci gaba da babin abubuwan da ke ɓata azumi, sai wata tambaya ta iso mana wadda ba za ta jira ƙarshen wata ba, domin mai ita ya ce cikin kwana biyun nan zai yanke shawara, mun amsa ko ba mu amsa ba. Ga abin da ya ce, mun cire sunansa da na garinsu:

"Allah gafarta Malam, ni magidanci ne, manomi, ina ɗan taɓa cinikin gujiya da rani. An gano ina da ciwon hanta nau'in C ranar da na je ba iyalina jini wajen haihuwa, aka auna aka ce ba za a ɗauki nawa ba. Likita ya ce hantar ta riga ta fara taurarewa, ya ɗora ni kan magani na mako 24. Na sha mako 14. Malam, na gaji. Jinina ya ragu, daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na huta sau biyu, barci ya ƙaurace mini, na koma mai faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Awon da aka yi mini na baya an ce ba a ga ƙwayar cutar a jini ba. Ga azumi, ni kuwa tun da na balaga ban taɓa shan ko ɗaya ba. Abokan majalisa sun ce tun da awo ya fito fes, in ajiye ƙwayoyin in kama azumina, Allah ne mai warkarwa. In na ajiye, na yi laifi?"

Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, ya sa kaffara ce. Muna rantsuwa ba mu raina gajiyarka ba. Mu ɗalibai ne na fiƙihu, aikin likita ba namu ba ne, shi ya sa kafin mu zauna gaban wannan na'ura sai da muka nemi masana ciwon hanta suka fahimtar da mu, domin malami ba ya ba da fatawa a kan abin da bai san siffarsa ba. Saboda haka za mu fara da ciwon, sannan mu zo ga hukunci.

Abin da Bahaushe ke kira ciwon hanta, ko shawara idan idanu suka yi rawaya, suna ne ɗaya da ya lulluɓe cututtuka daban-daban. Wanda ya fi yawa a ƙasarmu shi ne nau'in B. Shi yana da allurar rigakafi, tana cikin alluran da ake yi wa jarirai, amma wanda ya riga ya zauna masa a jiki, maganinsa danne ƙwayar yake yi, kuma sau da yawa shan sa na tsawon rai ne. Nau'in C kuwa, wanda ke jikin mai tambayarmu, har yau ba shi da rigakafi, sai dai Allah ya hore masa magani mai kashe shi ƙurmus cikin ƴan makonni ƙidayayyu. Mu riƙe wannan bambanci da kyau, kada mai B ya ji muna maganar mako 12 ko 24 ya je ya ajiye nasa.

Ƙwayar C ta jini take bi. Allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, jinin da aka ƙara wa mutum ba a auna ba, askar da ta yi aski ko kaciya ko tsagar ƙaho ta wuce kan na gaba ba a sake ta ba, almakashin mai yankan farce da ke yawo layi-layi. In ta shiga, kimanin mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida. Sauran kuwa ta zauna, kuma zamanta na shiru ne. Mutum na iya shekara 20 yana noma yana cin tuwonsa bai san komai ba, ita kuwa tana yi wa hanta rauni, rauni ya warke ya bar tabo, tabo a kan tabo, har naman da Allah ya halitta da laushi ya ƙeƙashe ya taurare. Daga nan ne ciki ke tara ruwa, ƙafafu su kumbura, wani ya yi aman jini, wani kuma ciwon ya rikiɗe ya zama kansar hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a duniya, kuma ta kashe kimanin 242,000 a shekarar 2022 kaɗai.

Sai a 1989 masana suka gane ƙwayar, har aka ba uku daga cikinsu kyautar Nobel a 2020. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne allurar intaferon mako-mako, haɗe da ƙwayar ribabirin, tsawon mako 24 zuwa 48. Waɗanda suka sha wannan sun san azaba: zazzaɓi bayan kowace allura, ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, baƙin ciki marar dalili, kuma bayan duk wannan, a nau'in da ya fi taurin kai, kusan rabi ne kawai ke warkewa. A ƙarshen 2013 aka fito da sofosbubir a Amurka, farashinsa a lokacin dalar Amurka 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya guda. Daga baya kamfanoni a Indiya da Masar suka riƙa yin irinsa da araha, ana haɗa shi da wata ƙwayar kamar daklatasbir. Da waɗannan sababbin magunguna, fiye da mutum 95 cikin 100 na warkewa, galibi cikin mako 12, kwalba uku ke nan masu ƙwaya 28 kowace. Amma wanda hantarsa ta riga ta taurare, akan tsawaita masa zuwa mako 24, wani lokaci a ƙara masa ribabirin ɗin nan ta dā. Ita ce ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ita ce mafi yawa ke kawo haki da kasala da rashin barci da saurin fushi irin wanda ɗan'uwanmu ya siffanta.

To, ga inda abokan majalisa suka kuskure. Awon da ya ce ba a ga ƙwaya ba, ma'anarsa ta ragu a jini har na'ura ba ta iya ganinta. Wannan yakan faru tun a makon huɗu ga mafi yawan masu shan magani. Amma hanta ce gidanta, kuma a can ana iya samun ragowar da ke jiran a ɗaga mata ƙafa. Kai manomi ne, ɗan'uwa. In ka gama noman fari ka tsaya bakin gona, za ka gan ta tas, ba haki ko ɗaya. Wane manomi ne zai ce tun da ta yi tas ba sai ya yi maimai ba? Ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Likitoci ma ba sa cewa an warke ranar da aka haɗiye ƙwayar ƙarshe. Sai an bar mutum mako 12 ba magani, a sake auna yawan ƙwayar a jini, in har lokacin ba ta dawo ba, sannan a ce alhamdu lillahi. Wanda ya yanke a tsakiya ya kashe maciji bai sare kansa ba. In ta dawo, tana iya dawowa ta saba da maganin, sai a koma neman wani mai tsada wanda samunsa a nan sai an sha wuya. Mako 14 na wahala da kuɗin da aka sayar da hatsi da awaki aka biya, duk su tafi a banza, ga hantar da dā ma ta raunana.

Yanzu mu zo ga shari'a. Littattafan da muka tashi da su a zaurukan malamanmu, daga Risala zuwa Muhtasar na Shehu Halilu, sun bayyana hukuncin marar lafiya a azumi a mazhabar Imamu Malik. Idan ya ji tsoron azumi zai ƙara masa ciwo, ko ya jinkirta masa warkewa, ya halatta ya sha. Idan kuwa ya ji tsoron halaka ko wata cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa, yin azumin ya zama saɓo. Asalin wannan yana cikin ayoyin azumi na Suratul Baƙara, inda Ubangiji ya ware marar lafiya da matafiyi, ya ba su damar ramawa a wasu kwanaki, kuma ya sanar da mu cewa sauƙi yake nufi da mu. Ku lura, jama'a, Allah da kansa ne ya buɗe wa azumi ƙofar ramuwa. In ka sha kwana 30 na Ramadan saboda ciwo, kana da wata goma sha ɗaya a gabanka, ka rama da sanyin hunturu lokacin da yini ya gajarta, a jere ko a rarrabe, kuma babu ciyarwa a kanka matuƙar ba sakaci ka yi har wani azumin ya riske ka ba. Maganin nan kuwa ba a rama shi. Ba a shan mako 14 yanzu a ce sauran 10 sai bayan salla. Wanda ya ajiye magani don ya yi azumi ya jinkirta abin da ba ya jinkirtuwa, ya riƙe abin da Mai shi ya ce a jinkirta.

Ka ce tun da ka balaga ba ka taɓa shan azumi ba. Allah ya saka maka, wannan abin alfahari ne ga mumini. Amma mu tuna da wanda ya fi mu son azumi. A shekara ta 8 bayan hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita zuwa buɗe Makka cikin Ramadan, yana azumi, mutane na azumi. Da aka sanar da shi cewa azumin ya yi wa jama'a tsanani, sai ya sa aka kawo masa ƙwaryar ruwa bayan la'asar, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani, ya sha. Bayan la'asar fa, saura kaɗan rana ta faɗi. Da aka ce masa wasu sun ci gaba da azuminsu, ya siffanta su da masu saɓo. Imamu Muslim ya ruwaito wannan. Wani lokaci abin da muke ɗauka tsoron Allah ne, in muka bincika zuciya da kyau, kunyar idon mutane ce: kada a ga Alhaji wane na shan ruwa da rana, kada yara su ce baba ya sha azumi. Wannan kunya ba ta cikin rukunan azumi.

Ba kuma cewa muke duk mai shan maganin nau'in C ya sha azumi ba. Mafi yawansu, waɗanda hantarsu ba ta taurare ba, ƙwaya ce sau ɗaya a yini, ana iya mayar da ita lokacin buɗa baki ko sahur da sanin likita, a tsare lokacin kullum, azumi ya tafi, magani ya tafi. Ɗiban ɗan jini don awo ba ya karya azumi, domin a mazhabarmu ƙaho ma ba ya karya shi, an dai karhanta shi ga wanda zai raunana. Allurar da ba ta abinci ba ita ma ba ta karyawa, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1997. Amma mutumin da hantarsa ta taurare, jininsa ya ragu, yana haki tsakanin gida da masallaci, a zafin bazara irin na ƙasar nan, wannan shi ne marar lafiyar da ayar ke magana a kai. In likitansa ya ce kada ya yi azumi, to kada ya yi.

Su kuma abokan majalisa, muna da magana da su, kuma da kanmu muke, domin wane ne cikinmu bai taɓa rubuta wa marar lafiya magani da baki ba? Abu Dawuda ya ruwaito labarin wasu sahabbai a tafiya, dutse ya fasa kan ɗayansu, sannan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce ba su ga rangwame ba tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ruwa ya shiga raunin, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, ya yi fushi mai tsanani, ya ɗora musu alhakin ransa, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan fa sahabbai ne, kuma da kyakkyawar niyya suka yi magana, addini suke karewa a ganinsu. Kyakkyawar niyyar ba ta wanke su ba. Saboda haka wanda ya ce wa mai ciwon hanta "ajiye ƙwayoyin nan, ai ka warke", ya shirya amsar da zai bayar in mutumin ya kwanta da kumburin ciki bayan shekara biyu.

Maganar cewa Allah ne mai warkarwa gaskiya ce da babu mai musunta, sai dai an sa ta a inda ba wurinta ba. Wanda ya fi kowa sanin Allah ya umurce mu da neman magani, ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. Annabi Ayuba da ake buga misali da haƙurinsa, da lokacin warakarsa ya zo, umurtar sa aka yi ya buga ƙasa da ƙafa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Allah na da ikon warkar da shi yana kwance, amma ya sa shi ya motsa. Ita Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a wani zamanta na 1992, ta rarraba hukuncin neman magani: yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko lalacewar wata gaɓa, ko nakasa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu. Ku auna nau'in C da wannan ma'auni. Yana lalata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, yana kisa, yana wucewa ta jini zuwa ga wani, ga kuma magani da aka jarraba aka ga yana warkarwa. A fahimtarmu, ga mutum irin mai tambayarmu, kammala maganin wajibi ne, ajiye shi da ra'ayin kai kuwa laifi ne.

Amma kada a fahimce mu da cewa marar lafiya ya cije haƙora ya yi shiru har ya faɗi. Tsakanin ci gaba yadda ake da dainawa gaba ɗaya akwai fili mai faɗi, kuma likita ne ya san shi. Ribabirin ɗin da ke cinye jini ana iya rage yawanta, wani lokaci a janye ta ɗungurungum, a bar asalin maganin yana aikinsa. Wannan abu ne sananne a wurinsu, suna yin sa bayan sun auna jini. Sai dai likita ba ya sanin gaibu. Da yawanmu in muka shiga ɗakin likita, ya ce yaya jiki, sai mu ce da sauƙi, alhali da ƙyar muka hau matakala. Wannan "da sauƙi" ɗin ladabi ne a gaisuwa, amma a ɗakin likita ɓoye shaida ce a kan kai. Ka faɗa masa sau nawa kake hutawa a hanyar masallaci, dare nawa ba ka runtsa ba, yadda zuciyarka ke ƙunci. In har ta kai mutum yana jin gara ya mutu ya huta, to ya faɗa a ranar, domin maganin kansa na iya jawo wannan, kuma ba raunin imani ba ne.

Akwai kuma lokacin da dainawa ita ce daidai, ba za mu ɓoye wannan ba. A zamanin intaferon likitoci na da ƙa'ida: in aka kai mako 12 ƙwayar ba ta ragu ninki ɗari ba, sai su dakatar, domin sun san ci gaba azabtar da mutum ne ba tare da fa'ida ba. Yau ma in magani ya jawo abin da ya fi cutar haɗari, likita zai tsayar da shi. Haka wanda aka gano ciwonsa a makare, kansa ta riga ta bazu, masana suka haɗu a kan cewa ƙarin magani wahala ce kawai, babu laifi a kansa ko a kan iyalinsa in suka zaɓi a rage masa raɗaɗi ya koma gida cikin ƴaƴansa. Malamai sun ce magani kan zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi ta cutar. Ba za a ce wannan bawan Allah ya yanke ƙauna ba. Abin da muke ja a kai shi ne wa ke yanke hukuncin, kuma da wane dalili. In awon jini ne da ilimin likita da yardar marar lafiya suka haɗu, madalla. In gajiyar dare ɗaya ce da zancen majalisa, a'a.

Mu faɗi wata gaskiya da mai tambayar bai furta ba, amma mun san tana cikin gidaje da yawa. Wasu ba gajiyar jiki ke sa su yankewa ba, aljihu ne ya ƙare. An sayi kwalbar farko, an lallaɓa an sayi ta biyu, ta uku ta gagara, sai mutum ya ce ai na ji sauƙi, don ya rufa wa kansa asiri. Wanda bai fara ba tukuna, ya zauna da likita da danginsa a ƙidaya kuɗin maganin duka da na awon ƙarshe kafin a buɗe kwalbar farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuwa ya riga ya yi nisa, to nauyinsa ya hau kan jama'arsa. Muna cikin watan da attajirai da yawa ke fitar da zakka, matalaucin da ciwo ya cinye abin hannunsa yana cikin masu haƙƙi a kanta, a damƙa masa ya sayi maganinsa. Muna ganin yadda ake gasar raba ƙanƙara da kunu a ƙofar masallatai, abu ne mai kyau, Allah ya ba da lada. Amma a sahun nan da ake raba kunun, wataƙila akwai wanda kwalba ɗaya ta rage masa tsakaninsa da warkewa, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya roƙa ba. Liman da ladan da mai unguwa sun fi kowa sanin irin waɗannan mutane.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin talakawan ƙasa. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar sun san yadda wannan ciwo ya yi wa Masar katutu. Asalinsa alluran maganin tsargiya ne da aka yi wa mutanen karkara shekaru da dama da sirinjin da ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba, har ta kai kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ƙwayar. A 2018 suka tashi gangamin awo, suka auna kusan mutum miliyan 50 cikin ƴan watanni, suka ba waɗanda aka samu da ita magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasar farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Ƙasar Musulmi ce, masu azumi irinmu.

Ga iyalin gida kuma. Kada a ware masa kwano ko moɗa, wannan ƙwaya ba ta bin abinci ko ruwan sha, ba ta bin musafaha, ba ta bin tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahu. Ku yi buɗa baki tare da shi a akushi ɗaya ko da shi bai yi azumin ba. Abin da za a keɓe masa shi ne reza da abin yankan farce da asawaki. Uwargida ta je a auna ta. Kuma akwai abin da kunya ba za ta hana mu faɗa ba: ribabirin na cutar da ɗan tayi, ko mijin ne ke sha ko matar, saboda haka likitoci ke cewa a kauce wa ɗaukar ciki lokacin shan ta da aƙalla wata shida bayan an gama. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe a shari'a, ma'aurata su tambayi likita hanyar da ta dace. Ku yi haƙuri da faɗan da yake yi, ku san ba halinsa ba ne. Kuma don Allah a daina haɗa masa jiƙe-jiƙe da sassaƙen da masu amsa-kuwwa ke talla ranar kasuwa. Duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi, hantar da ke fama da kanta ba a ƙara mata kaya. Ko maganin asibiti ne, irin na tarin fuka ko na farfaɗiya, akwai waɗanda ke raunana maganin hanta, dole likita ya san duk abin da ake sha. Addu'a da karatun Alƙur'ani a kan marar lafiya kuwa, a yawaita, ba sa karo da kowace ƙwaya.

In aka ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko ciki na kumbura, ko mutum ya fara ruɗewa yana barci da rana yana surutai da dare, ko numfashi ya gagara, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da saura minti goma a kira magariba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai tambaya, ga amsarka. Kada ka ajiye ko ƙwaya ɗaya a daren nan. Gobe da safe ka koma wurin likitanka, ka tafi da ɗanka ko ƙaninka wanda zai faɗi abin da kai za ka ji nauyin faɗa, ka nemi a auna jininka, ka tambaye shi ko za a rage maka ribabirin, ka tambaye shi kai tsaye ko jikinka zai ɗauki azumi. In ya ce a'a, ka sha da zuciya sake, ka rubuta kwanakin, ka rama da hunturu in Allah ya kai mu. Ladan wanda ciwo ya hana shi aikin da ya saba yi yana nan ana rubuta masa kamar yana yi, haka ya tabbata a hadisi. Tarawihi in tsayuwa ta gagara ka yi a zaune. Saura maka mako 10, aski ne ya zo gaban goshi, an san nan ya fi zafi. In ka gama, ka ƙidaya mako 12 ka koma awon ƙarshe, kuma ko an ce ƙwayar ta tafi, mai taurin hanta ba ya yanke zuwa dubawa, akan so a leƙa hantar duk wata shida. Ka aiko mana da labari.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ka sauƙaƙa wa masu jinyarsu, ka buɗa wa wanda kuɗin magani ya gagara, ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Gobe in Allah ya yarda za mu koma babinmu, mu fara da hukuncin wanda ya ci ko ya sha da mantuwa.